Me Ya Haɗa Fartanyar Ƙaramin Manomi da Sauyin Yanayi?

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a arewacin Jihar Katsina, kuma ina noma gonar da muka gada, wadda ba ta wuce hekta biyu ba. Kullum a rediyo ana kira ga manoma su taimaka wajen rage sauyin yanayi, har wasu na cewa noma da kiwo suna cikin abubuwan da ke haddasa shi. Ni kuwa abin da nake gani shi ne damina ta rikice: ruwa ya zo a makare ya ɗauke da wuri, ko ya sauko lokaci guda ya tafi da shuka. Mu da ba mu da masana'anta, me ya haɗa fartanyarmu da ɗumamar duniya? Kuma akwai abin da zan yi a gonata wanda zai yi amfani da gaske?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka gida biyu ce: ko manomi irinka yana da hannu a cikin wannan matsala, da kuma ko yana da abin yi a kanta. Na shafe shekaru ina aikin malamin gona a ƙauyukan da ke tsakanin iyakar Najeriya da Nijar, kuma amsar da aikin ya koya mini ita ce hannunka a cikin matsalar ƙarami ne ƙwarai, amma abin da za ka iya yi babba ne, domin kusan duk aikin da ke kare gonarka daga rikicewar damina shi ne kuma aikin da ke rage gurɓatacciyar iskar da ke ɗumama duniya.

Inda noma ya shigo cikin lissafin

Abin da ke ɗumama duniya shi ne taruwar wasu nau'o'in iska a sararin sama waɗanda ke riƙe zafin rana su hana shi fita. Uku daga cikinsu sun shafi noma. Ta farko ita ce iskar kabon, wadda itatuwa da amfanin gona ke zuƙa su gina jikinsu da ita, kuma take komawa sama idan aka sare daji aka ƙone, ko aka nome ƙasa har ruɓaɓɓen abin da ke cikinta ya ƙare. Ta biyu ita ce iskar metan, wadda ke fitowa daga tumbin shanu da tumaki da awaki, da kuma gonar shinkafar da ruwa ya daɗe kwance a cikinta. A tsawon shekara 100 tana riƙe zafi kusan ninki 28 na iskar kabon. Ta uku tana tashi ne daga takin da ke ɗauke da sinadarin naitirojin, kamar yuriya, idan aka zuba shi fiye da abin da shuka za ta iya sha, kuma ƙarfinta ya haura na iskar kabon ninki 250. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonsa na 2019 kan ƙasa da amfani da ita, ya ƙiyasta cewa noma da kiwo da sare dazuzzuka suna ba da kusan kashi 23 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke fitarwa.

Don haka waɗanda ka ji a rediyo ba ƙarya suka yi ba. Sai dai adalci ya sa a faɗi sauran maganar. Mafi yawan wannan kaso yana fitowa ne daga gonaki da wuraren kiwo na wasu nahiyoyi, da saren manyan dazuzzuka irin na Amazon da Indunusiya. Nahiyar Afirka baki ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa daga ƙona man fetur da kwal da gas ba. Ko da manoman ƙasar Hausa duka sun ajiye fartanya gobe, duniya za ta ci gaba da ɗumama muddin manyan ƙasashe ba su rage ƙona mai ba. Ina faɗin haka ne saboda ba na son ka ɗauki laifin da ba naka ba, kuma ba na son a sayar maka da shawarar da za ta rage maka abinci da sunan ceton duniya.

Rikicewar da kake gani kuwa gaskiya ce. Yankinmu ya sha fari mai tsanani a farkon shekarun 1970 da kuma 1983 zuwa 1984, sannan ruwa ya ɗan dawo daga shekarun 1990, amma ya dawo da wani hali: yana sauka da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya bar tazara mai tsawo tsakanin wani ruwan da wani. Shi ya sa a shekara guda mutum zai iya yin asarar binne saboda ruwan farko ya yaudare shi, kuma a watan Agusta ambaliya ta cinye abin da ya sake shukawa, kamar yadda Jigawa da wasu jihohi da dama suka gani a 2022. Gonar da za ta jure wannan hali ita ce wadda ƙasarta ke shanye ruwa da sauri ta kuma riƙe shi, kuma abin da ke ba ƙasa wannan ƙarfi shi ne inuwa da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da taki, wato dai kabon ɗin nan da ake so a cire daga sama a mayar ƙasa.

Darasin Maraɗi

Idan aka ce in zaɓi abu guda, itacen gona zan zaɓa, kuma hujjata tana kusa da kai, a tsallaken iyaka. A farkon shekarun 1980 gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Koyarwar da aka daɗe ana yi ita ce manomin kirki shi ne mai share gonarsa tas, kuma dokar daji ta lokacin ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, ta yadda mai gona bai ga dalilin renon abin da za a ci shi tara idan ya taɓa ba. Iska kan binne shuka da rairayi har sai mutum ya yi shuka sau biyu ko uku. An kashe kuɗi masu yawa wajen dashen itatuwa, mafi yawansu suka mutu.

A 1983 wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki a yankin, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka bar 'yan rassa masu ƙarfi aka cire sauran, tohon kan zama itace cikin 'yan shekaru, domin ya riga ya mallaki saiwar da ta kai ga danshi. Manoman yankin suka kira hanyar sassabin zamani. Da farko ba ta karɓu ba. Lokacin farin 1984 an haɗa ta da rabon abinci, da rabon ya ƙare kuma mutane da yawa suka sare abin da suka rena. Waɗanda suka bar nasu ne suka zama abin kallo, maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Da gwamnati ta sassauta riƙon da take yi wa itatuwan gona, abin ya bazu. Bayan kimanin shekara 20, binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna cewa kusan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram sun sake samun itatuwa, waɗanda aka ƙiyasta yawansu da miliyan 200. Babu wani shirin dashe a Afirka ta Yamma da ya kusanci wannan, kuma da adda da gatari aka yi shi.

Sarkin waɗannan itatuwa shi ne gawo, kuma ka san halinsa: yana zubar da ganye da damina, lokacin da gero ke bukatar rana, ya yi ganye da rani, lokacin da dabbobi ke bukatar inuwa da 'ya'yansa. Saiwarsa tana ƙara wa ƙasa naitirojin, dabbobin da ke hutawa a gindinsa suna barin taki, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da kauri. Kakanninmu sun san haka. Ana ba da tarihin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, a ƙarni na 19, ya sa hukunci mai tsanani a kan saren gawo. Kalgo da sabara ma, da muke rainawa, suna tare rairayin da iska ke kwashewa, suna tara ganye a gindinsu. Ga aduwa da magarya da kanya da kuka, waɗanda ke kawo abinci da ɗan kuɗin kashewa a shekarar da hatsi ya gaza.

Yadda ake yi ba shi da wuya. Lokacin sharar gona, maimakon ka bi kowane toho da sara, ka zaɓi kututturan da kake so. A kowane ɗaya ka bar rassa uku zuwa biyar waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, ka cire sauran, sannan ka datse ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsayin reshen. A yi amfani da ƙarfe mai kaifi, a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ka ɗaura tsumma a jiki domin mai wucewa ya san an rena shi ne. Bayan 'yan watanni ka koma ka sake gyarawa, kuma kowace shekara kana iya cire reshe ɗaya don itacen girki, ka bar sauran su girma. Ina ba manoma shawarar su fara da kututture 20 zuwa 40 a hekta, su lura da yadda inuwar ke shafar amfanin, su ƙara ko su rage.

Na taɓa jagorantar rabon dashe a wasu ƙauyuka. Mun kai dubban 'ya'yan itatuwa cikin watan Agusta, aka yi taro aka dasa, amma kafin bazara ta zagayo awaki da ƙishirwa sun gama da mafi yawansu, saboda ba mu tambayi kowa wanda zai yi ban ruwa ko ya yi shinge ba. A ɗaya daga cikin ƙauyukan akwai wani dattijo da bai karɓi dashe ko ɗaya ba, amma gonarsa ta fi ta kowa itatuwa, domin shekara da shekaru yana kewaye tohon gawo da garma idan yana huɗa. Tun daga lokacin nake fara tambayar abin da ke raye a gona kafin in yi maganar abin da za a kawo daga waje. Dashe yana da wurinsa, musamman inda kututture ya ƙare. Jerin dogon yaron da aka dasa a kwarin Majiya ta jihar Tawa tun daga 1975 don tare iska ya yi aiki. Amma inda saiwa ke raye, reno ya fi dashe sauƙi da tabbas.

Ƙasa, kara da taki

Ƙasar jigawa irin taku tana da ƙarancin ruɓaɓɓen abu, sau da yawa ƙasa da kashi 1 cikin 100, kuma zafinmu yana cinye shi da sauri. Za ka ji ana cewa a bar kara a gona kada a ƙone. Shawarar daidai ce, domin karan da aka shimfiɗa yana rage zafin ƙasa, yana tare iska, gara kuma tana cin sa ta buɗe ramukan da ruwa ke bi. Amma duk wanda ya zauna a ƙauye ya san cewa a arewacin Katsina kara ba shara ba ne: abincin dabba ne, danga ce, makamashi ne, kuma kuɗi ne. Wanda ya bar nasa a gona ma dabbobin wasu ne za su cinye. Abin da nake cewa shi ne ka bar abin da za ka iya a wuraren da iska ta fi ci, kada ka sa wa ragowar wuta lokacin shara, kuma karan da dabbobinka suka ci ya koma gona a matsayin taki. Manoman kewayen Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna noma gona ɗaya ba hutu ta wannan hanya, jakuna na kai taki da mangala daga birni da turke zuwa gona. Takin da aka tara a rami aka rufe ya fi wanda aka bari rana da iska suna bugu. Haɗa gero da wake ko gyaɗa, wanda ka gada, shi ma yana cikin lissafin, saboda suna ƙara wa ƙasa naitirojin kuma harawarsu na rage matsin da ke kan kara.

Idan akwai faƙo a gonar, inda ƙasa ta daskare ruwa ke gudu a kai, tassa ce maganinsa. Ana haƙa ramuka da rani, faɗin kamar taƙi guda, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu, a yi shuka a ciki idan ruwa ya sauka. Manoman Yatenga a Burkina Faso, cikinsu har da marigayi Yacouba Sawadogo, su suka inganta wannan dabara, kuma manoman Illela a jihar Tawa suka je suka gani a ƙarshen shekarun 1980 suka dawo da ita, har faƙon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Aiki ne mai cin ƙarfi, kuma a rairayi tsantsa ramin rufewa yake yi, don haka kada ka wahalar da kanka inda bai dace ba.

Game da takin zamani, kada kowa ya sa ka daina. A 2006 shugabannin Afirka sun yi taro a Abuja suka sa burin kai amfani da taki zuwa kilo 50 a hekta, kuma har yau matsakaicin abin da ake zubawa a ƙasashen kudu da Sahara bai kai rabin haka ba, alhali wasu ƙasashen Asiya suna zuba ɗaruruwa. Matsalarmu ƙaranci ce. Gonar da ba ta ba da amfani ita ke tura mutum ya sare sabon daji, kuma wannan ya fi buhun taki illa ga yanayi. Abin gyarawa shi ne yadda ake zubawa. Yuriyar da aka watsa a saman busasshiyar ƙasa, wani kaso nata mai yawa iska yake bi. A tona a gefen shuka a binne lokacin da ƙasa ke da danshi. Binciken cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna cewa ɗan kaɗan, kamar cikin murfin kwalbar lemo na NPK a kowane rami lokacin shuka, yana ɗaga amfanin gero sosai, musamman idan an haɗa da takin gargajiya.

Ba ka ambaci shinkafa ba, amma saboda masu noman rani a Kadawa da Bakolori da kwarin Haɗeja zan faɗi kalma ɗaya. Shinkafa ba ta bukatar ruwa kwance kullum. Idan aka kafa bututu mai huji a fangali, aka bar ruwa ya sauka kimanin santimita 15 ƙasa da doron ƙasa kafin a sake ban ruwa, ban da lokacin fitar da kai da fure, ana rage iskar metan sosai, ana kuma rage kuɗin man injin ban ruwa ba tare da amfanin ya ragu ba. Iri mai saurin nuna, irin geron SOSAT da nau'o'in wake da masara na cibiyar bincike ta Samaru, da bin hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, ba sa cire iska daga sama, amma suna hana ka asara, kuma ina ganin su wajibi ne.

Inda maganar ke tsayawa

Dole in gaya maka iyakar abin. Kabon da ƙasarmu ke iya riƙewa kaɗan ne, yana taruwa a hankali, kuma shekara biyu na sakaci suna iya mayar da shi sama. Itace ya fi riƙewa, amma sai idan ya tsaya. Amfanin reno ba ya bayyana a daminar farko. Shekara uku zuwa biyar ake fara ganinsa sosai. Wasu itatuwan suna gasa da amfanin gona idan suka yi yawa, kuma koken manoma cewa itace na tara tsuntsaye ba wasa ba ne a inda jan baki ke ɓarna. Yawan da ya dace da gonarka sai wanda ya taka ta ya ga ƙasarta zai iya faɗa.

Babban cikas kuwa ba na ilimi ba ne. Mai noman gonar aro ko haya ba zai rena itacen da ba zai ci moriyarsa ba. Wanda ya rena, wani ya zo da dare ya sare don gawayi, ba zai sake ba. Matan gida suna bukatar itacen girki yau, kuma tsadar gas da kananzir ta mayar da birane ma kan gawayi. Makiyayin da aka toshe wa burtali zai sassabe gawo don dabbobinsa, alhali a da yarjejeniya ce tsakaninsa da manomi, ya sauka a gona bayan kaka ya bar taki a ba shi hatsi. A wasu yankunan ma rashin tsaro ya hana mutane zuwa gonakin nesa. Shirye-shirye irin na Babbar Ganuwar Itatuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007 kuma Katsina ke cikin jihohi 11 da ta shafa a Najeriya, za su yi tasiri ne gwargwadon yadda suka warware waɗannan, domin a Maraɗi abin da ya juya al'amari shi ne ranar da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne. Idan kuma wasu suka zo da takarda suna cewa za su biya ka kuɗin kabon da itatuwanka suka riƙe, ka karanta da kyau: shekara nawa za a ɗaure ka, wa ke da ikon sara, nawa zai iso hannunka, kuma kada ka ba da takardar gona.

Kai da yake gonar gado ce, ka tsallake cikas na farko. A bazarar nan, kafin a fara shara, ka zagaya da yaran da ke taya ka aiki ku ƙirga kututturan da ke toho, ku sa wa waɗanda za a bari alama, domin ɗan ƙwadago ba zai bar abin da ba a nuna masa ba. Ka sanar da 'yan'uwan da kuka haɗa gado, ka kuma sami maƙwabtan gona biyu ko uku ku je wurin mai unguwa tare, a yi shela cewa itacen da aka ɗaura wa tsumma yana da mai shi, a kuma sanar da ardon makiyayan da ke sauka a yankin. Ka ware kunya goma inda za ka haɗa takin gargajiya da ɗan na zamani a rami, ka bar goma a gefensu yadda ka saba, ka rubuta damin da kowanne ya ba ka da kaka. Tunda kuma malami ne kai, ka kai ɗalibanka su ga geron gindin gawo da na fili a watan Satumba, su auna tsayinsu da hannunsu.